Tsakanin "Dole" da "Kada": Koyar da Mataimakan Aikatau na Ingilishi a Tibiri

A Tibiri, kamar ko'ina a Nijar, yaro yana fara Ingilishi ne a ajin farko na sakandare, bayan shekara shida yana karatu da Faransanci. Shi ya sa idan aka zo kan mataimakan aikatau guda tara, wato can, could, may, might, shall, should, will, would da must, malam yakan bi ta Faransanci: can da may a ba su pouvoir, must a ba shi devoir. Siffarsu ba ta da wuya, ba sa ɗaukar -s, ba a sa to a bayansu. Ma'anarsu ce ke kayar da ɗalibi, kuma a ganina Hausar Arewa da ya tashi da ita ce ta fi cancanta a warware ta da ita.

Masanin harshe F. R. Palmer, a littafinsa na 1979 kan waɗannan kalmomi, ya nuna cewa kalma guda takan yi aiki fiye da ɗaya. "You must go" ɗora nauyi ne: dole ka tafi. Amma a "He must be at home" ba wanda aka tilasta wa zaman gida. Mai magana ya ga babur jingine a ƙofa ne, ya ce ba shakka yana ciki. Devoir yana haɗiye ma'anonin biyu, sai yaro ya fassara daidai alhali bai san biyu ba ne. Hausa kuwa sai ta sa shi ya zaɓa.

Ban ce Hausar ba ta da tarko ba. Ɗalibin da ya riƙe cewa must ita ce dole, da ya ga must not zai karanta "ba dole ba ne". Ashe hani ne. "You must not drink this water" na nufin kada ka sha ruwan nan. "Ba dole ba ne" kuwa need not ce. A bakin rijiyar da ta gurɓace, wannan ba ƙaramin kuskure ba ne. To amma da Hausa yaron ke tunani, ko an so ko an ƙi. Hana ta shiga aji ɓoye kuskuren kawai yake yi daga idon malam. Ba kuma baƙuwa ba ce a hukumance: tun Maris na 2025, kundin sake gina ƙasa ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci harsunan aiki.

Akwai ma wata dukiya da ba a taɓawa: lokaci mai zuwa na biyu, wanda masanin harshe Paul Newman ya tattauna a littafinsa na nahawun Hausa na 2000. "Za mu gani" alkawari ne, "mâ gani" kuwa ya bar ƙofa a buɗe. Bai yi daidai da might ɗari bisa ɗari ba, amma yaron da ya taɓa roƙon babansa kuɗin kasuwa aka ce masa "mâ gani" ya riga ya san tazarar da ke tsakanin will da might.