Tsibirai a Teku, Tsibirai a Tudu: Tsarin Ƙwallon Ƙafa a Cape Verde da Yammacin Zamfara



Ran 13 ga Oktoba, 2025, ƙasar Cape Verde ta ci Eswatini 3 da nema, ta sami gurbin shiga gasar cin kofin duniya ta 2026. Ƙasar nan tsibirai 10 ce a cikin Tekun Atlantika, yamma da Senegal, 9 daga ciki ake zaune a kansu, jama'arta kuwa kimanin rabin miliyan ne. Abin lura shi ne, a ƙidayar 2006 ƙananan hukumomin Anka da Gummi da Bukkuyum, in an haɗa su, sun haura wannan adadi. Ashe ke nan ba yawan mutane ya raba mu da su ba.

Bayan sun sami mulkin kai daga Fotugal a 1975, sun kafa hukumar ƙwallonsu a 1982, suka shiga FIFA a 1986. Da yake teku ya raba su, tafiya kuma tana da tsada, sai suka bar kowane tsibiri da hukumarsa da gasarsa. Manyan tsibirai biyu, Santiago da Santo Antão, aka raba kowanne kudu da arewa, yankuna suka zama 11. Zakarun yankunan ne ke karawa a gasar ƙasa. Har Brava, wadda mutanenta ba su kai 7,000 ba, zakaranta na da kujerarsa. Gaskiya ne da yawa daga 'yan wasan da suka kai ƙasar kofin duniya 'ya'yanta ne haifaffun Turai, musamman Holan da Fotugal, kada mu ɓoye wannan. Amma tsanin na gida yana nan, kowane yaro ya san inda matakinsa na fari yake.

Mu kuwa a nan, tsarin ƙwallo sawun mulki ya bi. Hukumomin jihohi su ne ginshiƙan hukumar ƙwallon ƙafa ta Nijeriya, kowace kuma tana zaune a babban birnin jiharta. Anka, mazaunin Sarkin Zamfara, da maƙwabtanta sun kasance cikin Lardin Sakkwato, suka shiga Jihar Arewa maso Yamma a 1967, Jihar Sakkwato a 1976, sa'an nan Zamfara a 1996. Duk sauyin nan, ofis daga Sakkwato ya koma Gusau kurum. Ƙungiyar Zamfara United, wadda take cikin babbar gasar ƙasa a 2009, ta gwamnati ce, gidanta Gusau.

A ganina, tun da 'yan bindiga suka addabi hanyoyin yankin nan, garuruwan uku sun zama tamkar tsibirai a tudu. Kai 'yan wasa Gusau daga Gummi ya zama abin da uba zai yi dogon tunani kafin ya yarda. Gasar da za a fara a cikin kowace ƙaramar hukuma, zakaru uku su kara, guda ya wuce gasar jiha, ta rage tafiye-tafiyen zuwa 'yan kaɗan a shekara.