Tsohon Akwatin Rediyo da Masu Saurarensa a Nijar

A Amurka da Turai akwai mutanen da sha'awarsu ita ce tara tsoffin akwatunan rediyo na roba, irin waɗanda ake ajiyewa bisa tebur. Asalin robar daga Leo Baekeland ne, wanda ya haɗa Bakelite a 1907. Daga baya aka samu Catalin mai launuka masu ƙyalli, wadda kamfanoni irin su Fada suka yi akwatuna da ita a shekarun 1930 da 1940. Farinta yakan rikiɗe ya koma ruwan ɗorawa idan ya sha rana, kuma akwati guda da bai tsage ba yakan kai dubban daloli. Ma'aunin waɗannan masu tarawa shi ne kyawun jiki: wanda hannu bai taɓa ba shi ne mai daraja.

Wannan ma'auni ba ya aiki a Nijar. Waɗancan akwatuna da wutar lantarki suke aiki, alhali lokacin da aka buɗe Rediyon Nijar a Yamai a 1958, wuta ba ta wuce wasu unguwanni na manyan garuruwa ba. Wanda ya mallaki irinsu ko dai Bature ne, ko babban ma'aikaci, ko attajiri. Akwatin da ya shiga zauren talaka shi ne mai taransista, ɗan ƙarami mai aiki da batir, wanda aka fara sayarwa a Amurka a 1954, kafin kamfanonin Japan su cika kasuwannin duniya da shi. Zuwansa ya dace da buɗe sashen Hausa na BBC a 1957 da Rediyon Kaduna a 1962, don haka Bahaushen Maraɗi ko Damagaram ya samu abin saurare da harshensa daga ɓangarori da dama.

Abin da ya bambanta Nijar da maƙwabtanta shi ne Ƙungiyar Kulob-kulob na Rediyo, wadda aka kafa a 1962 zamanin Diori Hamani. Tsarinta mai sauƙi ne, amma akwai hikima a ciki. A kai akwati ƙauye, a danƙa shi ga mai jagoranci, wanda sau da yawa malamin makaranta ne. Da dare jama'a su taru su saurari shiri kan noma, ko lafiya, ko zamantakewa, cikin Hausa ko Zabarmanci, sannan a buɗe muhawara. Jagoran ya ɗauki maganganun mutane a kan tef, ya aika Yamai, a tace su, su dawo cikin shiri na gaba. Manomin da bai taɓa zuwa babban birni ba sai ya ji muryarsa na fitowa daga akwati, dattawan garinsu na zaune suna ji. Gaskiya ne hukuma ce ke riƙe da gidan rediyon, kuma ba kowace magana ke tsallake tacewa ba a ƙasar da jam'iyya ɗaya ke mulki. Duk da haka, a zamanin da rediyo a wurare da yawa umarni kawai yake saukarwa daga sama, wannan akwati ya riƙa ɗaukar amsa yana mayarwa.

Ta cikin irinsa mutane suka ji labarin juyin mulkin Seyni Kountché ranar 15 ga Afrilu 1974, shekarar da gidan ya koma Muryar Sahel. Bayan taron ƙasa na 1991 aka samu tashoshi masu zaman kansu irin su Anfani, masu watsa shiri a zangon FM, wanda yawancin tsoffin akwatuna ba sa kamawa. Daga nan suka fara komawa ƙarƙashin gado, kafin wayar salula ta ƙarasa su.

Wanda ya ɗauki ɗaya daga cikinsu a yau, National ne ko Philips, zai tarar da abin da mai tarawa na Amurka zai kira aibi. An ɗinke tsagar jikinsa da waya. Murfin batir ya ɓace, an ɗaure da robar taya. Dukawa sun yi masa riga ta fata mai maɗauri, don a rataya a kafaɗa a tafi gona ko kiwo. A fuskarsa wani lokaci akwai ɗan zane da aka yi da wuƙa, daidai inda allura ke tsayawa a kama Landan ko Kaduna. Waɗannan tabo su ne shaidar, domin suna faɗin wanda ya saurara, da abin da ya fi so, da irin ƙoƙarin da mai gyaran rediyo ya yi don kada akwatin ya mutu.

Yamai tana da wuraren adana murya, kamar cibiyar IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni da cibiyar CELHTO mai kula da tarihin baka, ga kuma Gidan Tarihi na Boubou Hama da ke nan tun 1959. Amma akwatin da babu bayanin mai shi tarkace ne kawai. Ƙungiyar al'adu ko makarantar da ta karɓi guda ya kamata ta rubuta garin da ya fito, da shekarar da aka saye shi, da kasuwar, da mutanen da ke taruwa a gindinsa. Malaman da suka jagoranci kulob-kulob na farko, waɗanda ke raye cikinsu sun haura shekara 80, akwatunan kuwa suna ƙarewa a hannun masu sayen gwangwan a kasuwar Katako, inda ake fasa robar a cire jan ƙarfen da ke ciki.