Tarihin Fanka a Ma'aikata: Daga Ƙurar Sheffield Zuwa Tururin Fenti

Fanka ta yi aiki a ma'aikatun Turai a matsayin makamin yaƙi da cutar huhu, kuma birnin Sheffield na ƙasar Ingila, wanda ya shahara da ƙera wuƙaƙe da reza da cokula masu yatsu, yana cikin wuraren da buƙatarta ta fara fitowa fili. Masu washi a wannan birni sukan wuni a sunkuye bisa wani babban dutse mai juyawa, waɗanda kuma ke aiki da busasshen dutse ba tare da ruwa ba sukan shaƙi garin ƙarfe haɗe da silika, wato sinadarin da ke cikin yashi, wanda ke maƙalewa a huhu har ya sandarar da shi. Likita Arnold Knight ya bayyana a shekarar 1830 cewa masu washin cokula masu yatsu ba kasafai suke wuce shekara 32 a duniya ba.

Maganin da ya fi tasiri shi ne a rufe wani sashe na dutsen da akwati, a haɗa shi da bututu, sannan fanka ta zuƙe ƙurar tun daga bakin dutsen ta fitar da ita waje. Abin takaici shi ne yadda dabarar ta daɗe ba ta yaɗu ba, domin yawancin masu washin hayar wurin aiki suke yi, kuɗin fankar kuwa daga aljihunsu zai fito, har marubutan zamanin suka ruwaito cewa wasu sun ƙi ta don tsoron kada sana'ar ta yi sauƙi, jama'a su cika ta, lada ya faɗi. Sai a 1867 majalisar dokokin Birtaniya ta bai wa sufetocin ma'aikatu ikon tilasta sanya fanka a inda ake washi ko goge ƙarfe.

Zuwan fankar lantarki, wadda ake danganta ƙirarta ga Schuyler Wheeler na Amurka a 1882, ya sauƙaƙa aikin, sai dai ya zo da nasa haɗarin, wato tartsatsin da makunni ko injin fankar ke iya fitarwa. Haɗarin ya tsananta bayan da kamfanin DuPont ya fito da fentin Duco a farkon shekarun 1920, fenti mai saurin bushewa da ake fesawa a jikin mota bayan an tsinka shi da sinadarai masu saurin kama wuta. A watan Afrilun 1927 gobara ta tashi a sashen fenti na masana'antar Briggs da ke Detroit, inda ma'aikata fiye da 20 suka rasu.

Irin waɗannan masifu ne suka sa ƙa'idojin ɗakin feshi suka tanadi a ajiye injin fanka a wajen hanyar da tururin ke bi, ko a killace shi cikin ƙaƙƙarfan gida da wuta ba ta iya fitowa daga cikinsa, a kuma yi fukafukan da abin da ba ya tartsatsi, kamar alminiyam. Da yake tururin tina, wato sinadarin tsinka fenti, da na fetur sun fi iska nauyi, suna kwanciya ne a ƙasa, don haka fankar gida da aka girka a bayan mai fenti cikin rufaffen gareji tana watsa su ne ko'ina a ɗakin, ta kai su ga hancin sauran ma'aikata da bakin soket.