Garejin Mota a Ƙasar Gumel: Na Jikin Gida, Na Gefe da Rumfar Ƙarfe

A bakin yawancin Hausawa, gareji wurin bakanike ne. A harkar gini kuwa, ɗaki ne ko rumfa da ake keɓe wa mota a gida, kuma iri biyu ne: wanda ya haɗa bango da ɗakuna, da wanda aka kafa shi daban a cikin katanga ɗaya. A ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Gumel, wato Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, tsarin gidan Bahaushe da zafin bazara da iskar farkon damina su ne ke raba gardama tsakanin biyun, fiye da sha'awar ido.

Garejin jikin gida ya fi arha idan tun farko aka sa shi cikin zanen gini, domin ya samu bango ɗaya kyauta, jan wayar lantarki ma ba nisa. A ƙaramin fuloti a tsakiyar garin Gumel, sau da yawa babu wani zaɓi bayansa. Sai dai salo ne na Amurka, inda mai gida ke fitowa daga mota ya faɗa kicin don gudun sanyi. A nan, baƙo zaure yake tsayawa, ƙofar da ta ratsa daga gareji zuwa cikin gida kuwa hanya ce ta biyu zuwa wurin iyali, wadda direba ko bakanike zai iya leƙawa.

Babban aibinsa shi ne hayaƙi da wuta. Injin mota, kamar na janareta, yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari, kuma tana kisa a rufaffen wuri. Ga shi gareji ba ya tsayawa a mota kaɗai: nan ake jibge jarkokin fetur, nan ake tura janareta da dare. Don haka duk wanda ya manna gareji da gida, wajibi ne bangon tsakani ya zama na bulo har sama, ba tare da taga ba, kada kuma ya jingina da ɗakin kwana.

Na gefe ya raba mutum da wannan fargaba. Yana cin fili, yana kuma buƙatar nasa harsashi, amma ga ɗan kasuwar da ke lodi da asubar Alhamis zuwa kasuwar Maigatari, ko mai ajiye buhunan riɗi da zoɓo kafin su yi daraja, shi ne ya dace: motar kaya za ta shiga ta fita ba a tashi mutanen gida ba. Mota ɗaya na buƙatar kimanin mita 3 a faɗi da mita 6 a tsawo. Mai Hilux, wadda tsawonta ya haura mita 5, gara ya ƙara.

A ƙasashen Turai da Amurka, kamfanoni na sayar da garejin ƙarfe a ƙunshe, an yanka kowane ƙarfe an huda shi, sai dai a ɗaura da noti. Kwatankwacinsa a nan aikin mai walda ne. Yakan auna wurin, a sayo bututun ƙarfe da kwano, galibi daga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, ya yanka a shagonsa, ya zo ya kafa cikin 'yan kwanaki. Gara ba ta cin ƙarfe, tsatsa kuma ba ta da saurin kama shi a busasshiyar ƙasa irin wannan muddin an yi masa fenti. Ma'aikacin gwamnati da ke zaman haya, wanda takardar canjin wurin aiki za ta iya riska kowane lokaci, ya kamata ya nemi a haɗa masa da noti maimakon walda, don ya kwance ya tafi da abinsa.

Inda ake yawan tafka kuskure shi ne a ƙasa. Rumfar ƙarfe ba ta da nauyi, guguwar da ke gabatar hadari kuwa ta ƙarƙashin kwano take shiga ta ɗaga shi sama. Ƙasar yankin rairayi ce, ba ta riƙe dirka, saboda haka kowace dirka sai an haƙa mata rami mai zurfi an zuba kankare, kwanon kuma a ɗaure shi da kusa mai zare. Ragin buhun siminti biyu a wannan mataki na iya jawo rumfar ta kife a kan motar da aka yi ta dominta, ko ta faɗa gidan maƙwabci.

Sai zafi. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, garejin da aka rufe ruf da kwano tanda ne, yana gasa batir da tayoyi. Maganinsa a ɗaga rufin ya kai kusan mita 3, a bar sarari a sama iska ta ratsa, a toshe ɓangaren arewa maso gabas, inda ƙurar hunturu ke fitowa. Wanda kuma ƙofar garejinsa za ta buɗe kan titi, ya fara neman izinin hukumar tsara birane kafin ya fasa katanga.