Yaɗiya a tarihin yunwa a ƙasashen Magarya da Dungas

Yaɗiya tsiro ce mai yaɗo, tana bin ƙasa, tana hawa darni da ƙananan itatuwa, ganyenta kuwa ba ya bushewa ko da bazara. Masana ilimin tsirrai suna kiranta Leptadenia hastata. Dalziel ya sa ta cikin littafinsa na sunayen tsirrai da Hausa a 1916, amma talakawan ƙasar Sosebaki sun riga shi saninta da nisa.

A shekarar wadata magani ce da marmari. Ana ɗiga ruwanta a kan rauni, ana dafa ganyen don ciwon ciki, ana kuma ba mai jego don nono ya kawo. Mata suna tafasa shi, su zubar da ruwan ɗaci, su yi kwaɗo da ƙuliƙuli. A shekarar tsanani kuwa sai ta koma abinci, domin lokacin da rumbu ya ƙare, gero bai nuna ba, ita tana nan kore.

Irin waɗannan shekaru sun maimaitu. An yi Kakalaba a 1913 da 1914. Farin 1973, da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975, sun karya noman da ya ɗaukaka Magarya, ya kuma ba kwaɗo ƙuliƙulinsa. A 1984 fari ya haɗu da rufe iyakar Nijeriya, hanyar kasuwannin kudu ta ƙuntata, har jama'a suka raɗa wa yunwar suna El-Buhari. A 2005 ma mata da yara sun koma daji tsinkar ganye.

Rahotannin hukuma sun fi ƙidaya buhunan hatsi da na gyaɗa. Labarin ganyen da aka ci yana bakin tsofaffin mata, su kuwa kullum raguwa suke yi. Saboda haka ya kamata masu bincike su ɗauki maganarsu ƙauye ƙauye: yadda ake dafawa, da wane wata, ga wace cuta. Masu tsara littattafan yaƙi da jahilci kuma su sa wannan sani cikin darussa, su rubuta sunan da ɗ mai ƙugiya, gama daga yaɗo ya fito, kuma "yadiya" ta takardun Turawa ta ɓoye asalinsa.