3.4 Bayard Rustin da Dalilan Ɓoye Sunansa

Duk lokacin da aka ambaci gangamin neman 'yancin Baƙaƙen fatar Amurka da aka yi a birnin Washington ranar 28 ga Agusta, 1963, sunan Martin Luther King ne yake fara zuwa a rai. Sai dai wanda ya tsara wannan taro na mutane kimanin 250,000 shi ne Bayard Rustin (1912-1987). Wannan sashe zai duba abin da ya sa aka daɗe ba a ambatonsa.

Rustin ya je Indiya a 1948 domin nazarin hanyar Gandhi ta gwagwarmaya ba tare da tashin hankali ba. A 1952 ya gana da Kwame Nkrumah da Nnamdi Azikiwe a Afirka ta Yamma. Da wannan gogewa ce ya riƙa ba King shawara lokacin ƙaurace wa motocin safa na Montgomery a 1956.

To amma abubuwa uku sun zame masa tabo a idon hukuma. Na farko, ya taɓa shiga ƙungiyar matasan kwaminisanci. Na biyu, an ɗaure shi a 1944 saboda ƙin shiga soja. Na uku, wanda ya fi yi masa illa, shi mai neman jinsi ɗaya ne, har aka ɗaure shi a Pasadena a 1953. Saboda haka Roy Wilkins na ƙungiyar NAACP ya ƙi yarda a ba shi shugabancin gangamin. Sai A. Philip Randolph ya karɓi muƙamin, ya naɗa shi mataimaki, ya kuma tsaya masa lokacin da Sanata Strom Thurmond ya soke shi a majalisa.

Idan aka lura, za a ga cewa ba mantuwa ce ta ɓoye sunan Rustin ba, lissafin siyasa ne. Abokan tafiyarsa sun buƙaci basirarsa, amma suna tsoron kada maƙiya su fake da rayuwarsa su rusa gwagwarmayar.

Bayan mutuwarsa an karrama shi. Shugaba Obama ya ba shi lambar yabo mafi girma ta farar hula a 2013, gwamnan Kalifoniya kuma ya yafe masa hukuncin Pasadena a 2020. Baƙaƙen Amurka masu neman jinsi ɗaya sukan kafa hujja da tarihinsa wajen neman a dama da su a shugabanci.