Ƙwallon Ƙafa a Jami'ar Ahmadu Bello: Daga NUGA Zuwa HiFL

Ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, Zariya, ƙungiya ce ta ɗalibai zalla, ba a sa wa kowa rigarta sai mai rajista a makarantar. Ga mutanen Kudan da Makarfi da Ikara, waɗanda 'ya'yansu da yawa Zariya suke nufa neman ilimi mai zurfi, ita ce ƙungiyar jami'a mafi kusa da gida. An buɗe jami'ar ranar 4 ga Oktoba, 1962, kuma tarihin ƙwallonta a haɗe yake da na wasannin jami'o'in Nijeriya baki ɗaya.

A 1966 aka yi gasar jami'o'i ta farko, wadda aka fi sani da NUGA, a Ibadan. Jami'o'i biyar ne kacal a ƙasar a lokacin: Ibadan, Nsukka, Ife, Legas da Zariya, kuma ta Zariya ce kaɗai a Arewa. Aka tsara a riƙa haɗuwa duk bayan shekara biyu, yau a wannan jami'a, gobe a waccan. Zariya ta karɓi baƙuncin gasar fiye da sau ɗaya, har da ta 2001, Maiduguri kuma ta karɓa a 2006.

Sai dai NUGA taro ne na 'yan kwanaki, inda ƙwallon ƙafa ke rabon fili da guje-guje, ƙwallon kwando da sauransu. Ɗan wasa zai yi wata da watanni yana atisaye da asuba cikin hunturu, leɓe a tsage, ƙura na tashi a fili, sannan ya ruga lacca. A ƙarshe wasanni kaɗan zai buga a wani gari mai nisa, a tattara a koma. Abokan ajinsu ba su gani ba, balle iyayensu. Wani ma har ya gama digirinsa gasar sau ɗaya ta riske shi. Shekara hamsin da ɗoriya aka yi a haka, ga ƙungiya, ga hazaƙa, amma babu kakar wasa.

Wannan giɓi ne gasar HiFL ta zo cikewa a 2018, da haɗin gwiwar masu shirya NUGA da wani kamfani mai zaman kansa. Jami'o'i 16 suka fara, ana wasa gida da waje, wanda aka doke ya fita. Kowace ƙungiya ta sami laƙabi: ta Zariya ABU Nobles, ta Bayero a Kano BUK Stallions. Jami'ar Noma ta Makurdi ta ɗauki kofin farko, Kalaba ta karɓe a 2019, a 2021 kuma Desert Warriors ta Jami'ar Maiduguri ta kai shi gida. Babban alherin wannan tsari shi ne wasan gida: ɗalibi ya fito daga ɗakin kwana ya tsaya a bakin fili, ya ga wanda suke zama benci ɗaya da shi yana kare sunan makaranta.

Abin takaici, kakar ba ta samu ta zauna da gindinta ba. A 2020 annobar korona da yajin aikin malaman jami'o'i na kusan wata tara suka rufe makarantu. A 2022 wani yajin ya ci wata takwas, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Ita kanta NUGA, daga ta Makurdi a 2017 ba a sake yi ba sai ta Legas a 2022. Ƙungiyar da 'yan wasanta ke kammala karatu su tafi ba ta jure irin wannan tsaiko, domin kafin a dawo koci ya rasa rabin yaransa. A Amurka kuwa, inda ƙwallon jami'o'i (irin tasu ta runguma da jifa) ke cika filin Jami'ar Michigan mai ɗaukar mutum sama da 100,000, kowace shekara an san watan farawa da na gamawa, kuma a kan wannan tabbaci magoya baya suka ginu.

Manyan makarantun yankin da ba jami'o'i ba kuwa, ba sa ƙarƙashin NUGA. Kwalejojin fasaha, irin su Nuhu Bamalli ta Zariya, gasarsu ita ce NIPOGA, kwalejojin horar da malamai kuma NICEGA, dukansu a kan tsarin taron 'yan kwanaki.